Kwanon da Ba a Hura Ba

A watan Janairun 2022, masu haƙar kayan tarihi a birnin Nijmegen na ƙasar Holand suka ba da sanarwar cewa sun tono wani shuɗin kwanon gilashi da ya yi kusan shekara 2,000 a ƙarƙashin ƙasa. Babu tsaga a jikinsa, babu inda ya ɓantare. Hotonsa ya zaga duniya, kuma galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu abu guda ne ya ba su mamaki, wato yadda abin da ke tarwatsewa da zarar ya suɓuce daga hannu ya tsallake ƙarni ashirin lafiya lau. Ni kuwa ba tsirarsa ce ta riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne waɗansu tudda da suka taso a bayansa, daga gindi zuwa kusa da baki, kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Duk wanda ya taɓa bin tarihin gilashi ya san abin da waɗannan tudda ke nufi: wannan kwano ba hura shi aka yi ba.

Yawancinmu, idan aka ce ana yin gilashi da hannu, hoto ɗaya ke zuwa mana: mutum riƙe da dogon bututu, ya kumbura kumatu, wani jan curi na buɗewa a ƙarshen bututun kamar balan-balan. Amma hura gilashi baƙo ne a wannan sana'a. An shafe kusan shekara 1,500 ana yin mazubai da gilashi kafin wani ya gano cewa numfashi na iya buɗe shi. Kwano mai haƙarƙari yana cikin na ƙarshe-ƙarshe da tsohuwar hanyar ta haifa, an yi shi da yawan gaske daga ƙarshen ƙarni na 1 kafin Miladiyya zuwa ƙarshen ƙarni na 1 na Miladiyya, sannan aka daina. Da aka daina, sai yadda ake yin sa ya bi masu yin sa kabari. Masana sun fi shekara ɗari suna jayayya a kan abin da kowane yaron shago a Saida ko Rum ya sani tun bai yi gemu ba.

Kafin a fahimci kwanon, sai an fahimci yadda mutanen da suka ɗauki gilashi. A wurinsu dutse ne. A rubuce-rubucen tsohuwar Iraƙi ana bambanta shuɗin dutse mai daraja da aka haƙo daga tsauni da takwaransa da ya fito daga tanderu, kuma na biyun shi ne gilashi. Girkawan farko ma narkakken dutse suka kira shi. Wannan bai kamata ya zame mana baƙon tunani ba, domin har gobe abin wuyan da aka yi da gilashi duwatsu muke ce masa, ba mu damu da cewa ba daga wani tsauni aka faso shi ba. Saboda dutse ne mai tsada, sarakuna ke aika wa juna shi. Jirgin da ya nutse a Uluburun, kusa da gaɓar kudancin Turkiyya, wajen shekara ta 1300 kafin Miladiyya, yana ɗauke da curin ɗanyen gilashi kimanin 175, galibinsu shuɗɗa, an jera su tare da tagulla da kuza da hauren giwa. Wanda ya ɗauki abu a matsayin dutse kuwa, aikin dutse zai yi masa: ya sassaƙa, ya rarake, ya goge. Ba zai faɗo masa a rai ya sa baki ya hura ba.

Kayan haɗin ba su da yawa. Yashi shi ne uwa, amma yashi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da tanderun itace ba zai taɓa kaiwa ba. Dole a sami abin da zai karya masa taurin kai. A zamanin Fir'aunoni tokar waɗansu tsirrai masu gishiri ake zubawa. Daga baya aka koma ga wani farin gishiri da ake kwasa a busassun tafkunan Wadin Natrun, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, wanda ba wani abu ba ne illa ɗan'uwan kanwarmu. Ranar da na fara gane haka na yi murmushi, domin matar da ta rasa kanwa ta tsiyaye ruwan toka ta zuba a miya ta bi sawun masu gilashin da ba tare da ta sani ba, sai dai ita daga kanwa ta koma toka, su kuwa daga toka suka zo kanwa. Kanwa uwar gami ce a nan ma: idan ta shiga, yashi na narkewa a wajen digiri 1,100. Masu gilashin unguwar Masaga a Bida da irin wannan haɗi suka riƙa dafa nasu baƙin gilashin, da yashin ƙasarsu da kanwar da fatake ke saukowa da ita daga yankin Tafkin Cadi, ko da yake su awarwaro da duwatsun wuya suka sa a gaba, ba kwanuka ba.

Pliny, marubucin Rumawa da ya rasu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79, ya kawo wani labari a kan asalin abin. Wai fataken kanwa ne suka yada zango a bakin kogin Belus, kusa da Akka, suka rasa duwatsun murhu, suka ɗora tukwanensu a kan curin kanwa, sai ga wani ruwa mai sheƙi yana gangarowa daga cikin wuta. Labarin ƙanzon kurege ne, don wutar girki ba ta da wannan zafi, kuma an daɗe da sanin gilashi kafin a fara amfani da kanwa. Amma akwai gaskiya a gindinsa. Yashin wannan gaɓa yana ɗauke da ɓurɓushin katantanwar teku, wato sinadarin alli, daidai gwargwadon da ake bukata. In babu allin nan, gilashin yashi da kanwa zalla ruwa na cinye shi sannu a hankali. Shi ya sa ƙarni bayan ƙarni ake dafa ɗanyen gilashi a gaɓar Sham da Falasɗinu da kuma Masar, a manyan tanderu, a farfasa shi, a loda a jirage, a kai wa ƙananan masu sana'a a ko'ina cikin daular. A Bet Eli'ezer an tono irin waɗannan tanderu har 17 a jere, na wani zamani da ya biyo baya, kowanne na dafa tan 8 ko fiye a zubi ɗaya. Ke nan mai dafa gilashi daban, mai yin kwano daban, kamar yadda mai narka tama yake daban da maƙeri.

Mazuban farko, na wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, a kan ƙullutu ake gina su. A cuɗa laka da kashin dabbobi, a manna a kan sandar ƙarfe, a lulluɓe shi da narkakken gilashi, a naɗa zaren wani launi a kai, a ja shi sama da ƙasa da tsinke ya yi zanen gashin tsuntsu, in ya huce a ƙwaƙule lakar. Wannan hanya 'yan kwalaben turare da na kwalli take bayarwa, masu ƙaramin baki. Ba ta dace da faffaɗan abu ba. Wanda ke son babban mazubi sai ya koma aikin dutse sosai, kamar tulun nan mai ɗauke da sunan Sarki Sargon na Biyu na Assuriya, wanda ya yi mulki daga 721 zuwa 705 kafin Miladiyya, da aka tono a Nimrud, yake kuma gidan tarihin Birtaniya a yau. Curi guda ne aka rarake cikinsa yana sanyi. Aiki ne na fada, ba na kasuwa ba.

Dabarar da ta sauko da kwanon gilashi daga fada zuwa gidan mai rufin asiri tana da sauƙin faɗa. A yi faifai da gilashi, a ɗora shi a kan wani kifaffen kasko na laka, a tura cikin tanderu. Idan zafi ya ratsa shi sai ya saki jiki, nauyinsa ya ja gefensa ƙasa, ya rungume kaskon. Duk wanda ya taɓa ganin maginiya ta kife tsohuwar tukunya tana lailaya laka a bayanta don ta fitar da gindin sabuwa ya ga rabin aikin, sai dai a nan wuta ce ke lailayar. In ya huce a goge cikinsa, a yanka layi biyu ko uku a ƙarƙashin baki. A Tel Anafa, wani ɗan ƙaramin mazauni a arewacin Galili na ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 1 kafin Miladiyya, an tsinci dubban gutsattsarin irin waɗannan kwanuka, masu ruwan zuma da masu ruwan ganye. Yawansu a wuri ƙanƙane kamar wannan ya nuna cewa gilashi ya riga ya zama kwanon sha na yau da kullum tun ba a fara hurawa ba.

Har nan babu gardama mai yawa. Gardamar tana kan haƙarƙarin. Ga abin da kwanon da kansa yake nunawa, kuma a kan wannan kowa ya yarda. Bayansa, inda tuddan suke, sumul yake yana ƙyalli, irin ƙyallin da wuta kaɗai ke bari. Cikinsa kuwa dishi-dishi ne, da ƙananan ƙarce da suka zagaye shi, haka ma leɓen baki ta waje. Haƙarƙarin ba su cika zama daidai wa daida ba: wani ya fi wani kauri, wani ya karkace, tazarar da ke tsakaninsu takan buɗe a nan ta matse a can, kuma sau da yawa akan ga sawun wani makami a kan tuddan ko a gefensu. Babu layin haɗi irin wanda mazubi mai ɓari biyu ke bari. Wannan shi ne duk rubutun da masu sana'ar suka bar mana.

Manazartan ƙarni na 19 sun karanta shi da idon zamaninsu. A masana'antun Ingila na lokacin akwai wata hanya ta fitar da ginshiƙai a jikin gilashi ta amfani da mazubi, sai aka ɗauki sunanta aka laƙaba wa kwanukan Rumawa, sunan kuma ya bi su har yau a littattafai da yawa. Suna linzami ne. Da aka ce na mazubi ne, sai tambayar ta koma wane irin mazubi: na kakin zuma da ake narkarwa, ko mai ɓari biyu da ake dannawa, ko wanda ake cikawa da garin gilashi a gasa. An daɗe ana zagaye a nan. Clasina Isings, 'yar ƙasar Holand, ta tsara sigogin gilashin Rumawa a littafinta na 1957, ta ba wannan kwano lamba 3, kuma da wannan lamba ake kiran sa a rahotannin haƙa. Lambar ta warware matsalar suna da ta zamani, ba ta taɓa matsalar hannu ba.

Da aka waiwayi tsoffin littattafai, sai aka tarar ba su da abin bayarwa sosai. Allunan laka na ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Nainawa, na ƙarni na 7 kafin Miladiyya, sun yi bayanin haɗa gilashi dalla-dalla, har da zaɓen rana mai sa'a, da yanka, da hana baƙo shiga wurin, da irin itacen da za a hura wuta da shi. Amma a kan dafa gilashin suka tsaya, ba su gangaro kan yadda ake mayar da shi mazubi ba. Pliny kuwa, wanda ya rayu a daidai lokacin da kwano mai haƙarƙari ke kowace kasuwa, a jimla ɗaya ya tattara sana'ar baki ɗaya: akwai wanda ake hurawa, akwai wanda ake gogawa a kan majuyi, akwai wanda ake yi wa zane kamar azurfa. Attajiri ne mai riƙe da muƙaman daula, ya san farashi, ya san tatsuniya, amma babu alamar ya taɓa tsayawa a bakin tanderu har zufa ta karyo masa.

A kan kalmar majuyin nan Rosemarie Lierke, wata manazarciya Bajamushiya, ta gina nata ra'ayin, wanda ta tattara a littafinta na 1999. An saba fassara kalmar da majuyin masu sassaƙa, wanda ake ɗaura abu mai sanyi a kai a goge. Ita ta ce a duba majuyin maginin tukwane. A ganinta, ana ɗora zazzafan gilashi a kan kifaffen kasko da ke bisa faifai mai juyawa, yana gangarowa ana danna shi da sanda, kowace dannawa ta bar kwari, tsakanin kwari da kwari tudu ya tashi. Ƙarcen da ke ciki kuma, in ji ta, ba na gugar bayan an gama ba ne, sawun gogayyar gilashi mai zafi ne da kaskon. Ra'ayin ya tayar da ƙura, kuma da yawa daga cikin masana ba su karɓe shi ba. Amma ta yi abin da ba a saba yi ba: ta ɗauki ƙarcen da kowa ke wucewa a kansa ta mayar da shi shaida.

Ɗaya amsar daga bakin tanderu ta fito. Mark Taylor da David Hill, masu sana'ar gilashi biyu a Ingila da suka shafe shekaru suna kwaikwayon kayan Rumawa, sun bi hanyar faifai da kasko da waɗansu suka riga suka yi hasashe, suka gwada ta har ta zauna. A ɗebo narkakken gilashi, a baje shi ya zama faifai mai kauri. Tun yana da taushi a sa awartaki a tsunkuno tudu daga tsakiya zuwa gefe, a juya, a tsunkuno na gaba. Gilashi ba ya jira, yana sandarewa a hannu, don haka sai an riƙa mayar da shi wuta ana fitowa da shi har a zagaye. Sannan a ɗora faifan a kan kifaffen kasko, tuddan na sama, wuta ta kwantar da shi. Fuskar da ta kalli wuta ta fito da ƙyalli. Wadda ta kwanta a kan laka ta fito da kaushi, dole a goge ta bayan ya huce. Hucewar ma aiki ce, domin gilashin da ya yi sanyi farat ɗaya yana riƙe da fushi a cikinsa, ko ba a taɓa shi ba wata rana zai tsage, saboda haka sai an bar shi ya sauka a hankali a wuri mai ɗumi.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da wannan bayani na biyu, kuma dalilina ba kyawun kwanukan da suka fitar ba ne. Aibinsu ne. Kwaikwayon da ya yi kama da na asali ta fuskar kyau bai tabbatar da komai ba, don ana iya isa ga siga ɗaya ta hanyoyi goma. Amma idan hanya ta haifar da irin karkacewar da ke jikin na da, da irin matsewar da kan faru inda tudun ƙarshe ya zo ya tarar da na farko wuri ya ƙare, da irin sawun da bakin awartaki ke bari, ba tare da mai yin ya nufi haka ba, to wannan shaida ce mai nauyi. Mai mazubi kuskure ɗaya yake maimaitawa sau dubu. Mai awartaki kuwa kowane kwano da nasa kuskuren. Duk da haka ba na ganin dole ne a ce hanya guda aka bi daga Saida har Italiya tsawon fiye da shekara ɗari. Ko a gari ɗaya, maƙera biyu ba sa ƙera lauje iri ɗaya.

Wannan gardama ta dame ni fiye da yadda batun wani kwanon Rumawa ya kamata ya dami ɗalibin Hausa, kuma na san dalili. Mu ma muna rubuta kundaye a kan sana'o'in gargajiya, na karanta da dama. Akan kawo ma'anar sana'a, da asalinta, da jerin kayan aiki, da kirarin masu yin ta, da camfe-camfen da ke tattare da ita. Duk suna da amfani. Amma idan aka zo kan aikin kansa, sau da yawa sakin layi ɗaya ne: a jiƙa, a shanya, a buga, shi ke nan. Yaya marini yake gane baba ya nuna? Da ido, ko da hanci, ko da harshe? Sau nawa majemi ke juya fata, kuma me yake ji a tafin hannunsa da ke gaya masa ta isa? Irin abin da allunan Nainawa suka adana muke adanawa, wato yanka da ranar sa'a, muna kuma taƙaita sauran a jimla ɗaya irin ta Pliny. Mai sana'a ba ya faɗin waɗannan abubuwa don bai ɗauke su ilimi ba, mai bincike kuma ba ya tambaya don ba su cikin takardar tambayoyinsa.

Mafi ƙayatarwa a cikin kwanukan su ne masu launi barkatai, kuma a nan mai alewa ne zai fi kowa saurin ganewa. Ana jera sandunan gilashi masu launi daban-daban, ko a naɗe wani launi a kan wani, a gasa su su haɗe, sannan a ja curin ya miƙe ya zama siririyar sanda. Zanen da ke ciki yana ƙanƙancewa amma ba ya ɓacewa. A yayyanka sandar ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da fure ko dauri a fuskarta, a jera su a faifai, a gasa su manne, daga nan aiki ya koma irin na sauran. Shuɗi mai duhu daga kobal yake, ruwan bula daga tagulla, shunayya daga manganis, fari da rawaya masu toshe haske daga antimoni. Tsanwa-tsanwan da ke jikin kwanuka marasa tsada kuwa ba rini ba ne, ƙarfen da ke cikin yashi ne ya nuna kansa. Shi kuma walƙiyar bakan gizo da ke burge masu ziyarar gidajen tarihi a jikin tsohon gilashi, mai kwanon bai taɓa ganin ta ba. Ciwo ne: damshin ƙasa ne ya ci fatar gilashin ta zama ɓawo-ɓawo.

Kaurinsu ya sa suka jure tafiya. An tsinci gutsattsarinsu a sansanonin sojan Rum a Birtaniya, da gidajen Pompeii, da Begram ta Afganistan, da tashar jiragen Arikamedu a kudancin Indiya, da wani kabarin ɗan sarauta na shekara ta 67 a lardin Jiangsu na ƙasar Sin. Ta kudu kuma sun shiga Sahara har kaburburan Garamantawa a Fezzan.

Abin da ya kashe su a gida ɗaya aka haife shi da su. A farkon shekarun 1970, Nahman Avigad ya tono wani juji na masu gilashi a tsohon birnin Kudus, na wajen tsakiyar ƙarni na 1 kafin Miladiyya. A ciki akwai fasassun kwanukan tsohuwar hanya, a gefensu kuma ga waɗansu 'yan bututun gilashi da aka toshe bakinsu ɗaya, aka gasa, aka hura ta ɗaya bakin har suka kumbura. Gwaji ne na masu lalube, bututun ƙarfe bai ma shigo ba tukuna. Amma cikin 'yan gommai na shekaru sabuwar dabarar ta isa Italiya. Gilashin da zai yi kwano mai haƙarƙari guda ɗaya zai yi kofuna da yawa in an hura shi, babu kasko, babu doguwar guga. Strabo, wanda ya rasu wajen shekara ta 24, ya riga ya ba da labarin cewa a Rum ana sayen kofin gilashi da kuɗin tagulla guda. Wani attajirin ɗan ƙarya a cikin labarin Petronius ma cewa ya yi ya fi son gilashi don ba ya wari, da ba ya fashewa da ya fifita shi a kan zinariya. Wanda ya taɓa shan ruwan da ya kwana a tsohuwar tasa ya san abin da yake nufi.

Tsohuwar hanyar ba ta faɗi nan take ba. Kusan shekara ɗari suka yi kafaɗa da kafaɗa. Masu launi barkatai da masu rini mai ƙarfi su suka fara ja da baya bayan tsakiyar ƙarni na 1, masu tsanwa-tsanwa suka ƙara jan zare zuwa ƙarshensa. Ba wanda ya hana, ba wanda ya ƙona littafi. Yaro ne kawai ya zo koyon sana'a aka miƙa masa bututu maimakon awartaki. Wani abin lura kuma shi ne, masu sabuwar hanyar ne suka bar sunaye. Ennion, wanda ake kyautata zaton mutumin Saida ne, yana hura gilashinsa cikin mazubi mai zane, kuma a jikin mazubin ya sassaƙa sunansa da haruffan Girka, don haka duk kofin da ya fito yana shelar wanda ya yi shi. Gommai daga cikinsu sun iso gare mu. Mai awartaki ba shi da inda zai sa suna.

Ko jujinsu bai tsira sosai ba, domin gilashi ba ya zama shara. Martial, mawaƙin Rum na ƙarshen ƙarni na 1, ya ambaci 'yan tallan da ke yawo unguwa-unguwa suna karɓar fasasshen gilashi suna ba da tsinken kibiritu na kunna wuta, tamkar 'yan gwangwan na yau. Abin da suka tara tanderu yake komawa, haka ma duk abin da ya lalace a hannun mai sana'a, wanda da shi ne zai fi gaya mana yadda aka yi aikin. Masu awon sinadarai a yau sukan tarar da ɗan ɓurɓushin kobal da tagulla da antimoni a cikin gilashin Rumawa na bayan wannan zamani, a jikin kwalaben da ba a nufi rina su ba, kuma suna ɗaukar hakan alamar an narka tsoffin gutsattsari masu launi a ciki. Waɗansu daga cikin shuɗɗan kwanukan da suka fashe a Rum, a nan suka ƙare: an narka su, wani ya ɗebo a bakin bututu, ya hura 'yar kwalbar mai.